Dattin da muka zuba a ruwa yana dawo mana a tukunya



A makon jiya wata baiwar Allah ta shigo kantin maganinmu da ke Karshi, goye da yaro. Ta ce, "Anti, ki taimaka ki ba ni maganin wanke jini. An turo mini a WhatsApp cewa kifin teku duk roba ne da guba, ga shi kullum shi nake sa wa yara a miya." Na ce, "Yaya, zauna tukuna mu yi magana." Abin da na faɗa mata shi ne na kawo muku yau, domin maganar akwai gaskiya a cikinta, amma ba inda take zato haɗarin ya fi yawa ba.

Mu fara da roba. Ledar fiya wata da robar lemo da muke yarwa a kwata ba sa ruɓewa. Rana da ruwa ne ke farfasa su har su zama ɓurɓushi, wanda masana ke ƙidaya duk abin da bai kai milimita 5 ba a cikinsa. Idan damina ta sauka, ruwa ya kwashe su zuwa rafi, rafukan Abuja kuwa ƙarshensu kogin Neja ne ko Binuwai, waɗanda suka haɗe a Lakwaja suka nufi teku. Can kifi ya haɗiye, ciyawar teku ta riƙe. A 2022 masu bincike a ƙasar Holan sun gano ɓurɓushin roba a jinin mutum 17 cikin 22 da suka gwada. Sai dai a rahotonta na 2019, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce hujjar da ke hannu ba ta nuna babban haɗari a ruwan sha ba, ta kuma nemi a ƙara bincike.

Wanda babu tantama a kansa shi ne gubar ƙarafa, musamman dalma da zaiba. A garin Minamata na ƙasar Japan, a 1956 aka gano wata cuta mai lalata ƙwaƙwalwa da jijiyoyi. Wata masana'anta ce ke zuba zaiba a teku, kifi ya tara, masunta da iyalansu suka ci. Zaiba ta fi taruwa a jikin manyan kifaye masu cin ƙanana. Ƙananan kifaye irin sadin da taitus kaɗan suke ɗauke da ita, kuma amfaninsu ga mai ciki da yara yana da yawa. Don haka kada a daina cin kifi.

Mu a Arewa ba sai mun je bakin teku ba. A 2010 gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, a ƙauyuka irin su Bagega da Dareta. Dutsen zinare ake kawowa cikin gida ana dakawa, ƙurar ta bi ƙasa da rijiya da kwanon abinci. A 2015 abin ya sake faruwa a Ƙaramar Hukumar Rafi ta Jihar Neja, maƙwabciyarmu, yara 28 suka rasu.

Me ya sa yara? Jikin yaro yana tsotsar dalma ninki 4 zuwa 5 na babba, ga shi komai ya samu sai baki. Wanda jininsa bai isa ba, ko ba ya samun abinci mai gina jiki, ya fi tsotsa. Wanda ya tsira ma yana iya tashi da rashin fahimtar karatu, a yi ta dukansa ana cewa daƙiƙi ne.

Abu biyu nake so ku riƙe. Na farko, tafasa ruwa yana kashe ƙwayoyin cuta, amma ba ya cire dalma. Na biyu, babu wani maganin wanke jini a kemis ko a wurin mai tallar magani a mota da zai fitar da ita. Maganin gaskiya a asibiti ake ba da shi, bayan an auna jini, likita yana bibiya.

Ga abin da ke hannunmu. A daina sa wa jarirai kwallin dutse. A 2011 an samu jariri ɗan asalin Najeriya a birnin Boston na Amurka da dalma a jini, da aka gwada kwallin da ake sa masa, fiye da kashi 80 cikin 100 dalma ce. A guji man bilicin da ba shi da lambar NAFDAC, domin wasu na ɗauke da zaiba. Kada a bar yara su yi wasa da tsohon batir, kada a fasa shi kusa da rijiya. Maigidan da ke aikin ma'adinai ko gyaran batir ya yi wanka ya sauya tufafi kafin ya ɗauki yaro. Koko da alala masu zafi a zuba su a kwano ko ganye maimakon leda. Kada a hura wuta da leda, kada a zuba shara a kwata.

Idan yaro yana yawan ciwon ciki da amai, ko kasala, ko farfaɗiya ba tare da zazzaɓi ba, kuma akwai ɗaya daga cikin abubuwan nan a gida, a kai shi asibiti a faɗa wa likita sana'ar gidan.

Baiwar Allah nan dai ta tafi ba ta sayi komai ba. Da na leƙa idon yaron da ke bayanta na ga kwalli raɗau, ta yi mini alkawarin ba za ta ƙara ba.

Sai mun haɗu a mako mai zuwa. Allah ya ƙara mana lafiya.