Sai An Harbe Ka Kafin Likita Ya Dube Ka?

Wani dare, bayan na taso daga gidan rediyo, aka buga mini ƙofa da ƙarfi. Matar maƙwabcina ce jini ya ɓalle mata bayan haihuwa. Babu lambar motar asibiti da ɗayanmu ya sani. Muka ɗora ta a babur tsakanin mijinta da ɗan acaba, ina biye da su, muka miƙe Titin Koudoukou cikin duhu. A asibitin da muka je, tambayar farko da aka yi mana ita ce: "Kun yanki kati?" Daga nan aka miƙo takarda: safar hannu, allura, ruwan ƙari, a je a sayo. Jini kuwa, a nemo dangi. Allah Ya yi da sauran shan ruwanta, amma tun daga daren nan wannan magana take ci mini tuwo a ƙwarya.

Ga wanda bai san Bangui ba, unguwarmu ta Kilomita Biyar ta samo sunanta ne daga tazararta da tsakiyar gari. Kilomita biyar kacal. Bayan rikicin da ya ɓarke ranar 5 ga Disamba 2013, wannan 'yar tazara ta koma tafiyar mutuwa. Har lokacin da Fafaroma Francis ya shigo Babban Masallacinmu ranar 30 ga Nuwamba 2015, marar lafiya yakan gwammace ya kwanta a gida da ya ƙetare shingen 'yan bindiga. A shekarun nan ƙungiyar likitoci ta MSF ce ta riƙe ƙaramin asibitin Mamadou M'Baïki, ta buɗe gidan haihuwa a Gbaya Dombia, daga baya ta riƙa yi wa masu rauni tiyata a asibitin SICA. Ko a watan Afrilun 2018, lokacin farmakin Sukula, su da Red Cross ne suka yi ta kwasar mutanenmu.

Mun gode musu. Sai dai ku lura da abin da ya faru da mu: mun saba da cewa agajin gaggawa baƙo ne da ke zuwa tare da ƙarar bindiga. Wanda harsashi ya samu yana da mota, da likita, da tiyata kyauta. Yaron da zazzaɓin cizon sauro ya sa shi sanƙarewa da ƙarfe biyun dare, ko dattijon da hawan jini ya kayar, sai aljihun danginsa. Ranar 25 ga Yuni 2025 babu yaƙi, amma fashewar taransifoma a makarantar Barthélémy Boganda ta jawo turmutsitsi ana tsakiyar jarrabawa, ɗalibai da dama suka rasu, aka kwashi wasu da suka jikkata a kan babura. Kwano na aro ba ya riƙe gida.

Za a ce mini babu kuɗi. To, ƙasashen Afirka sun yi alkawari a Abuja a 2001 cewa kashi 15 cikin ɗari na kasafi zai tafi ga lafiya. Tun 2019 gwamnatinmu ta ayyana magani kyauta ga masu ciki, masu shayarwa da yara 'yan ƙasa da shekara 5. Me ya sa maƙwabciyata ta ga kanti kafin ta ga likita?

Kuma rabin gyaran tsari yake bukata. A zaunar da ƙwararriyar ma'aikaciyar jinya a bakin ƙofa, tana tantance masu shigowa: ja ga wanda ba zai jira minti ɗaya ba, rawaya ga mai ɗan dama, kore ga wanda zai iya bin layi. A ajiye akwatin kayan ceto a ɗakin, mabuɗinsa a hannun mai aikin dare, a yi lissafi da safe. A manna jadawalin likitocin dare a bango. A ware man janareta da firjin jini wanda ba mai taɓawa. Nijeriya ta rubuta a dokar lafiyarta ta 2014 cewa haramun ne a hana mutum agajin gaggawa. Mu ma a rubuta, a hukunta wanda ya karya.

Sauran maganar tamu ce, 'yan uwa. Kasuwar Kilomita Biyar ita ce cibiyar cinikin Bangui. Alhazai, iyayenmu, masu zuwa Umara duk shekara, mota ɗaya da direbobi biyu da lambar waya ɗaya sun fi ƙarfinku? Malamai, ku sa ba da jini a huɗuba. Matasa, mu da a watan Mayun 2018 muka ji yadda gungun mutane suka kutsa asibitin SICA suna barazana, mu fara haramta wa kanmu shiga asibiti da makami ko tare motar marasa lafiya.

Rai na Allah ne, ba musu. Amma an ce ka ɗaure raƙuminka sannan ka yi tawakkali. Layin wayar shirinmu a buɗe yake. Ina jiran alhaji na farko da zai kira ya ce ya ɗauki nauyin man motar.