Inuwar Dutse a Duniyar Mars

A hanyar Rabah zuwa Wurno, wani manomi ya taɓa gaya mini tsayin bishiya ba tare da ya hau ta ba. Inuwarta ya auna da taku, ya kwatanta da inuwar sandarsa. Da wannan dabarar masana ke ceton kumbo a duniyar Mars.

A ƙarshen 2006, kyamarar HiRISE da ke kewaya Mars ta aiko da hotunan filin da hukumar NASA ke shirin saukar da kumbon Phoenix. Sai ga shi cike da manyan duwatsu. Aka sauya wuri, kumbon ya sauka lafiya a Mayun 2008.

Daga sama, dutse kan saje da ƙasa, inuwarsa ce ke tona shi. Faɗinta ke nuna faɗinsa, tsawonta kuma, in an san inda rana take, ya nuna tsayinsa. Ƙananan da kyamara ba ta gani, daga yawan manyan ake ƙiyasta su.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, hoto ya sa an canza shawara. Mu kuwa, Najeriya ta harba tauraron ɗan'adam tun 2003, amma ambaliyar Goronyo ta 2010 ta raba dubban mutane da gidajensu. Kafin a yanka sabbin filaye a fadamar Rima, a dubi hoton, kuma a yi aiki da shi.