Naybet Na Maroko: Mai Tsaron Bayan Da Ba A Ba Shi Haƙƙinsa Ba

Duk wanda ya taɓa yin gadi ya san yadda aikin yake. Idan gari ya waye lafiya ba wanda zai ce masa sannu, amma ran da aka yi sata sunansa za a fara kira. To haka aikin mai tsaron baya yake a wasan ƙwallon ƙafa, kuma tarihin Noureddine Naybet na ƙasar Maroko ya isa shaida.

An haifi Naybet a Kasablanka cikin 1970. A ƙungiyar Wydad ta garinsu ya fara suna, har suka ci kofin zakarun ƙungiyoyin Afirka a 1992. Daga nan ya tafi neman abinci Turai, ya yi shekara ɗaya a Nantes ta Faransa, biyu a Sporting ta Fotugal, sa'an nan ya sauka Deportivo La Coruña ta Sifen a 1996.

Ita Deportivo ba ta kai Real Madrid ko Barcelona kuɗi da suna ba. Amma duk da haka a shekarar 2000 ta ci gasar ƙasar Sifen, abin da ba ta taɓa yi ba, Naybet kuwa yana tsakiyar bayanta. A 2002 suka bi Real Madrid har gida suka ci ta 2 da 1, suka ɗauke Kofin Sarki, a ranar da take bikin cika shekara 100. Shekara takwas ya yi a can kafin ya koma Tottenham ta Ingila a 2004. Ba a barin baƙo a irin wannan matsayi shekara takwas sai an ga amfaninsa.

Wajen ƙasarsa kuwa, ya buga mata wasa 115, har da Kofin Duniya na 1994 da na 1998. A na 1998 Maroko ta ci Sikotilan 3 da banza, amma a daren nan Norway ta ci Barazil, sai aka fitar da Maroko. A gasar Afirka ta 2004 shi ne kyaftin sa'ad da suka ci Nijeriya ɗaya da banza, watau suka rama cin da aka yi musu a Ikko a 2000. Sun kai wasan ƙarshe, Tunisiya mai masauki ta ci su 2 da 1.

Duk da wannan aiki, ba a taɓa zaɓensa gwarzon ɗan wasan Afirka ba. A 1998 ɗan ƙasarsu Mustapha Hadji ya samu, shi kuwa mai kai hari ne. Tun da Bwanga Tshimen na Zayar ya samu a 1973, ba a ƙara bai wa mai tsaron baya ba sai Achraf Hakimi a 2025. Shekara 52 ke nan!

Wasu za su ce ai cin ƙwallo jama'a ke biyan kuɗi su gani, don haka mai ci ya fi cancanta. Gaskiya ne ƙwallon da ta shiga raga ake ƙirgawa. Amma wadda aka tare ita ma tana cikin sakamakon, illa dai ba a rubuta ta a allo. Ko shi Hakimi, yawan zuwansa gaba ya taimaka aka lura da shi.

Illar wannan hali ba ga Naybet kaɗai ta tsaya ba. Yaro na ganin inda yabo ke zuwa, saboda haka kowa a fili so yake ya zama mai ci, baya kuwa sai a tura wanda aka raina. Ya kamata masu zaɓe da masu koyar da yara su gyara wannan. Ƙasar da ke son kofi, tilas ta girmama masu tsare mata gida.