A Shata Hanya Kafin A Sayar Da Fili

Duk wanda ya bi babbar hanyar kwalta daga Gidan Rumji zuwa Gazawa a ƴan shekarun nan ya ga yadda garuruwanmu ke bunƙasa. Gonar da aka yanki gero a cikinta bara, bana an kafa mata duwatsun iyaka, baɗi kuma sai ka tarar da katanga. Ƙidayar 2012 ta nuna jihar Maraɗi na da mutum kusan miliyan 3 da dubu 400, kuma yadda jama'ar Nijar ke ƙaruwa, kafin shekara ashirin adadin kan ninka. Waɗannan bayin Allah dole su sami wurin kwana. Abin tambaya shi ne, wa ke shata musu garin, kuma da wace niyya?

Amsar da muke gani ba mai daɗi ba ce. Tun da aka yi zaɓen ƙananan hukumomi na farko a 2004, garuruwa irin su Cadakori suka sami majalisa da magajin gari, amma ba su sami kuɗin gudanar da aiki ba. Harajin kasuwa bai taka kara ya karya ba, tallafin Yamai kuwa sai an ga dama. Abin da ya rage mai kawo kuɗi nan take shi ne yanka filaye a sayar. Gwamnati da kanta ta nuna hanya a farkon shekarun 2000, lokacin da ta biya ma'aikata wani kaso na bashin albashinsu da filaye. Daga nan fili ya tashi daga wurin zama ya koma kuɗin kashewa. To, wanda ke yanka ƙasa don ya cike giɓin asusu, kowane taku da ya bar wa hanya asara ce a wurinsa. Shi ya sa titi ke ƙanƙancewa, filin da aka ware wa makaranta ko gidan likita ke ɓacewa a hankali, har kwarin da ruwa ya saba bi tun kakanninmu a sa masa lamba a sayar.

Ruwa kuwa ba ya karanta takardar fili. A 1945 ambaliyar Gulbi ta cinye tsohon garin Maraɗi, aka tashe shi daga fadama aka mayar da shi kan tudu, aka shata masa tituna miƙaƙƙu masu faɗi. Ba don son talaka Nasara ya yi haka ba, ya yi ne don sauƙin mulki da na safarar gyaɗa. Amma gaskiya ɗaya ce: an auna hanya kafin a ɗora tubali, kuma har yau waɗannan unguwanni suna cin moriyar awon. A daminar 2024, wadda ta hallaka sama da mutum 300 a faɗin ƙasa, jihar Maraɗi na cikin waɗanda suka fi ɗanɗana kuɗarsu. Yawan ruwan daga Allah ne. Toshe masa hanya da gini da shara aikin mutum ne. An kafa dokar hana leda tun 2014, ga ta nan dai cike da magudanai, kuma inda ruwa ya kwanta nan sauro ke kafa sansani, nan kwalara ke samun ƙofa, kamar yadda jihar nan ta gani a 2018 da 2021.

Sai maganar masu tafiya da ƙafa, waɗanda su ne mafi yawan jama'a. A Cadakori ko Agye, mutum nawa ne ke da mota? Mace mai ɗauke da tulu, yaro mai zuwa makaranta, tsoho mai nufin masallaci, mai amalanken shanu da ya ɗauko kara, su ne masu hanya na haƙiƙa. Amma a garuruwan da kwalta ta ratsa, ranar kasuwa sai ka ga gingimari da kabu-kabu da masu tebur da ƴan makaranta duk a kan bakin titi ɗaya. Muna faɗa wa ƴan kasuwa, waɗanda da yawansu masu karanta wannan jarida ne, cewa rumfar da aka turo gaba da taku biyu ba ta ƙara ciniki. Mai saye da ke tsoron mota ta buge shi ba ya tsayawa taya kaya.

Kada wani ya ce tsarin gari sai da injiniya daga Faransa da rancen Bankin Duniya. Manoman wannan yanki sun riga sun ba duniya darasi. Daga tsakiyar shekarun 1980 suka koma raya tohon itatuwa a gonakinsu maimakon sarewa, har aka ƙiyasta cewa an farfaɗo da hekta kusan miliyan 5 a kudancin Nijar. A Ɗan Saga, cikin ƙasar Agye, mutanen gari da kansu suka kafa kwamitin tsaron itace, maza da mata, kuma doka ta yi aiki domin su suka yi ta. Abin kunya ne a ce ƙauye ya iya tsare gawo a gona, amma hukuma ta bari a sare shi ranar da gonar ta zama unguwa. Hanyar da babu inuwa a cikinta, a watan Afrilu ba ta biyuwa da ƙafa.

A Afrilun 2024 an rushe zaɓaɓɓun majalisun ƙananan hukumomi, aka naɗa masu riƙo. Ra'ayinmu a kan wannan sananne ne: ƙasar gari ba ta kamata a yanka ta ba sai da yardar wakilan da jama'a suka zaɓa. Amma ko zaɓaɓɓe ko naɗaɗɗe, fili idan an sayar ya sayu, kuma rushe gidan da talaka ya gina da guminsa ya fi hana shi ginawa ciwo. Cadakori da Gazawa da sauran takwarorinsu ba su kai girman Maraɗi ba tukuna, saboda haka gyara a wurinsu alƙalami da igiyar awo kawai yake bukata.

Don haka muna kira ga hukumomin waɗannan garuruwa da kada su sake sayar da ko fili ɗaya sai an fara fitar da hanyar ruwa, da titin da ke da gefen masu ƙafa da layin itatuwa, da wurin kasuwa da tasha nesa kaɗan da kwalta. A zauna da sarakuna da hukumomin kula da ƙasa da dokar karkara ta 1993 ta tanada, da kuma manoman da za a karɓi gonakinsu, a biya su haƙƙinsu. Sannan a manna taswirar a ƙofar ofishin magajin gari, a karanta ta da Hausa a gidan rediyo, tare da adadin filayen da aka yanka da kuɗin da suka shiga asusu.