Ciwon da Muka Ƙi Kira da Sunansa a Kilomita Biyar

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a zaurukanmu da rumfunan kasuwa, har a bakin waɗanda ake yi wa kallon masu karatu: wai Musulmin kirki ba ya ciwon damuwa, duk wanda ka ga ya yi tagumi ya ƙaurace wa abinci, ko yana zabura cikin dare yana ihu, to imaninsa ne ya yi rauni, ko kuwa iska ce ta shafe shi. Wannan magana ba ta da tushe a Littafi, ba ta da shi a Sunna, kuma tana cinye mana mutane a hankali ba tare da an ji ƙarar harsashi ba. Da ita nake faɗa yau, da kuma masu yaɗa ta, ko da a cikinsu akwai waɗanda nake durƙusawa in gaisar.

Jama'a, mu tuna abin da idanun unguwar nan suka gani. Ranar 5 ga Disamba 2013 wuta ta kama Bangi. Cikin watannin da suka biyo baya muka ga manyan motoci shaƙe da mata da yara, an ɗora su a kan buhuna da katifu, sun nufi Cadi da Garwa-Bulai, wasu sun isa, wasu an tare su a hanya. Musulmin birnin nan da suka haura dubu 100 suka koma ƴan dubbai, a takure cikin unguwa ɗaya, ƙetare gada kan zama ajali. Paparoma Faransis ya zo Babban Masallacin Kuduku ranar 30 ga Nuwamba 2015, duniya ta kalle mu kwana ɗaya, sannan ta juya. A Afrilun 2018 aka yi arangama tsakanin dakarun MINUSCA da masu ɗauke da makamai a tsakiyar gidajenmu, ranar 1 ga Mayu aka zubar da jini a cocin Fatima, ramuwar gayya ta biyo baya. A ƙarshen Disambar 2019 ƴan kasuwa suka gaji da harajin ƴan bindiga, aka gwabza, gomman mutane suka mutu, shaguna suka ƙone. Wane ɗan Adam ne zai ratsa wannan duka ya fito da zuciyarsa garau kamar yadda ya shiga?

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne sha'anin gawa. Har sai da aka ƙulla yarjejeniya da mutanen Boyin a Fabrairun 2016 kafin hanyar maƙabartarmu ta buɗe. Kafin nan, sama da shekara 2, akwai waɗanda aka binne a cikin gida, a gefen inda ake girki, inda yara ke wasa. Uwa ta wayi gari kullum ta share tsakar gida ta kewaye kabarin ɗanta. Akwai kuma waɗanda ko gawar ba a gani ba. Ya fita sayen gawayi, shi ke nan. Malamanmu na Malikiyya sun tanadi hukuncin matar wanda ya ɓace: ta kai ƙara, a yi bincike, a yanka mata wa'adi, sannan ta yi takaba wata 4 da kwana 10. Fiƙihu ya warware mata igiyar aure. Amma igiyar da ke ɗaure a ƙirjinta, wadda ke sa ta miƙe duk lokacin da aka taɓa ƙyaure, wa ya zauna ya warware mata ita? Mun ce mata ta yi haƙuri, muka shafa fatiha, muka tashi.

A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙiyasi a mujallar Lancet cewa a wuraren da yaƙi ya shafa, kusan mutum 1 cikin 5 yana fama da wani nau'in ciwon ƙwaƙwalwa, tun daga damuwa da fargaba da firgicin abin da ya wuce har zuwa cikakken taɓin hankali, kuma kusan 1 cikin 11 nasa ya kai matsakaici ko mai tsanani. Ka tsaya a sahun Juma'a ka ƙirga mutum biyar daga damanka. Ba sai wani Bature ya faɗa mana ba ma, labarin zuciya a tambayi fuska. Mun san magidancin da tayar mota ta fashe ya tsinci kansa a ƙarƙashin tebur. Mun san wanda da can ko ƙuda ba ya iya kashewa, yanzu abu kaɗan ya rufe matarsa da duka. Mun san tsohuwar da ke yawon asibiti da ciwon kai da zafin ƙirji da bugun zuciya, a auna ta a ce ba a ga komai ba, ta dawo da maganin zazzaɓi. Likitoci sun daɗe da gane cewa jikin da ya daɗe cikin tsoro yakan ci gaba da zama cikin shirin gudu ko bayan hatsari ya wuce: barci ya ƙaurace, zuciya ta riƙa harbawa, abin da ya faru ya riƙa dawowa kamar yanzu ake yin sa. Ciwo ne mai suna, kuma yana da magani.

To, ku masu cewa raunin imani ne, ku amsa mini. Annabi Yaƙub, amincin Allah ya tabbata a gare shi, Alƙur'ani ya ba mu labari a Suratu Yusuf cewa baƙin cikin rabuwa da ɗansa ya kai har idanunsa suka yi fari. Imaninsa ne ya yi rauni? Shekarar da Nana Khadija da Abu Ɗalib suka rasu, malaman Sira da kansu suka sa mata suna Shekarar Baƙin Ciki, a rayuwar Fiyayyen Halitta, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Nana A'isha takan sa a dama talbina, wani kunu mai laushi, a ba wanda aka yi wa rasuwa, domin Manzon Allah ya nuna yana sanyaya zuciyar mai baƙin ciki. Ashe tun a gidan Annabta an san baƙin ciki yana taɓa jiki, kuma ana yi masa jinya da hannu, ba a tsaya ga nasiha kaɗai ba. Shari'a ta ɗauke alƙalami daga kan wanda hankalinsa ya gushe, ta kuma sa kiyaye hankali cikin manyan abubuwa 5 da ta zo ta tsare, tare da addini da rai da zuriya da dukiya. Mu kuwa da muke tutiya da Shari'a, yaranmu ke bin mahaukaci da jifa, muna zaune muna dariya.

Wanda ke ganin likitan ƙwaƙwalwa baƙon abu ne da Nasara suka kawo, ya koma ya bincika. Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a shekarar 934, ya rubuta littafi kan gyaran jiki da na rai, inda ya rarrabe baƙin cikin da ke da sanadi bayyananne da wanda ke sauka wa mutum haka kawai, ya ce na biyun yana buƙatar magani kamar kowace cuta. Asibitin da Sarki Ƙalawun ya gina a Alƙahira a 1284 yana da sashen masu taɓin hankali, kuma da dukiyar waƙafi ake ciyar da su. Gadonmu ne muka yar, wasu suka tsinta.

Ban musanta samuwar aljanu ba, Alƙur'ani ya tabbatar da su. Ban raina ruƙiyya ba, ni ma da ita aka rene ni, kuma addu'a ba ta taɓa zama asara. Da wanda ya mai da ita kasuwa nake. Yarinya ta ga an yanka mahaifinta, ta daina magana, sai a kai ta wurin mutumin da zai tsula mata bulala wai aljani yake duka, ya turnuƙe ta da hayaƙi, ya karɓi rago da kuɗi, in ba ta warke ba ya ce kishiyar uwarta ce ta yi sammu. An ƙara wa gida gaba a kan ciwo ke nan. A Satumbar 2019 ƴan sanda suka fasa wani gida a Rigasa ta Kaduna, suka fito da mutum sama da 300, da yawansu da mari a ƙafa da tabon duka a baya, iyayensu ne kuma suka kai su da sunan gyaran hali. A watan da ya biyo baya aka sake gano irinsa a Daura. Kada mu ce can ne. Ɗakin ƙurya da ake kulle ɗa a ciki don kada maƙwabta su sani, ana miƙa masa tuwo ta taga, ƙaramin gidan mari ne, illa dai ba shi da allo a ƙofa. Malamin ƙwarai, in ya yi tofi ya ga abin ya fi ƙarfin tofi, cewa yake a tafi asibiti, kamar yadda ba ya ɗora karaya da rubutun sha.

Sai maganin da muka fi ƙauna: a yi masa aure zai natsu. A ɓoye wa dangin yarinya gaskiya, a ɗaura, bayan wata 6 ta dawo gida da ciki da kumburarren ido. Wannan ha'inci ne, ko da limami ne ya yi walicci.

Samarinmu kuma sun samo nasu maganin. Yaron da ke da shekara 8 a 2013, wanda ya kwana a ƙarƙashin gado yana jin ana harbi, yau shi ne ɗan acaɓan da ke haɗiyar taramol kafin ya hau babur. Muna zaginsa ɗan ƙwaya. Ba mu tambayi abin da yake ƙoƙarin kashewa a cikin kansa ba, ba mu kuma tambayi wanda ke shigo da kwalayen ba. Ruwa ba ya tsami banza. Ƙwayar nan a kan teburan kasuwarmu ake sayar da ita, kuma wasu masu cin ribarta a sahun farko suke salla.

Hukuma ma tana da nata kason. A duk faɗin Afirka ta Tsakiya, wurin da aka sani da kwantar da masu taɓin hankali shi ne sashe guda a Babban Asibitin Bangi, ƙwararrun likitocin fannin kuwa ba su cika yatsun hannu ɗaya ba. A ƙasar da dokar hukunta laifuka ta 2010 har yanzu take ɗaure mutum kan zargin maita, tsohuwar da ƙwaƙwalwarta ta tsufa ta fara sambatu ta fi kusa da kurkukun Bimbo a kan gadon asibiti. An kafa Kotun Musamman ta manyan laifuka da dokar 2015, an kuma yi dokar hukumar gaskiya da sulhu a 2020, to madalla. Amma wanda za a kira ya ba da shaidar yadda aka kashe ƴaƴansa, wa zai riƙe shi in ya koma gida daren nan? Najeriya, duk da nata tarin matsalolin, ta sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa a Janairun 2023, ta jingine ta 1958. Ƙungiyoyin agaji sun yi abin a yaba: MSF ta yi aiki a nan unguwar, ta kuma buɗe Tongolo domin waɗanda aka yi wa fyaɗe. Sai dai aikin ƙungiya yana da wa'adi, kuma dattijuwar da ta saba kuka da Hausa ba za ta amayar da cikinta ta bakin tafinta, ɗan maƙwabcinta, a gaban baƙo ba.

Don haka ba na karɓar uzurin cewa ba mu da likitoci. A 1954 Dakta Thomas Adeoye Lambo ya fara wani tsari a Aro kusa da Abekuta: majinyata su sauka a gidajen ƙauye tare da danginsu, su riƙa zuwa asibiti da rana, ya kuma jawo masu maganin gargajiya cikin aikin maimakon ya kore su. A Harare, Dakta Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata su zauna a kan benci a harabar asibitin unguwa, su saurari masu damuwa, su taimaka musu su warware matsalolinsu ɗaya bayan ɗaya; binciken da aka buga a 2016 ya nuna waɗanda suka zauna da su sun fi samun sauƙi nesa ba kusa ba. Benci ne fa da kunne da horo. Mu da muke da malaman Islamiyya mata, da ungozomai, da masu wankan gawa waɗanda babu sirrin da ba su riƙe ba, me ya hana a zaɓi 20 a cikinsu, a nemi ma'aikatan lafiya su koya musu sauraro da riƙon amana da gane alamar da ke cewa wannan sai asibiti, yau ba gobe ba? Wanda ya ce ya gaji da rayuwa, ko ya fara jin muryoyi, ko ya kwana uku bai runtsa ba, ba a barinsa shi kaɗai, ba a kuma jira sai an ga abin da hali zai yi.

Kuɗin fa? Kilomita Biyar ce cibiyar cinikin Bangi, kowa ya sani. Alhazanmu da ke gasar yi wa masallaci tayil, da masu komawa Umra kowane azumi, abin da ɗayansu ke kashewa a tafiya guda zai biya alawus ɗin matan nan na watanni, ya kuma sayi maganin marasa galihu da ke daina sha saboda tsada, ciwo ya dawo musu sabo. Majinyacin da ciwo ya hana shi nema miskini ne, zakka ta halatta gare shi. Ina roƙon limamanmu, da girmamawa, su ware huɗubar Juma'ar da ta fi kusa da 10 ga Oktoba, ranar da duniya ke tuna lafiyar ƙwaƙwalwa, su yi ta da Hausa da Sango da Fulatanci da Larabci, su ambaci ciwon da sunansa daga kan mumbari, sannan su sa ladan ya sanar da rana da wurin da mai bukata zai je a saurare shi ba tare da labarinsa ya riga shi isa gida ba.