Aron mahaifa ba mu'ujiza ba ne, ku daina faɗa wa yara haka



Makon jiya ina ba ƴan ajin ƙarshe na kwalej darasin haihuwa, na zana mahaifa a allo ke nan, sai wata ɗiya ta ɗaga hannu. Ta ce ta ga wani bidiyo a wayar mamarta: wata mata da aka cire ma mahaifa ta samu ɗa na jininta, don wata matar ta ɗaukar mata cikin. Mai magana a bidiyon, in ji ta, ya fi sau goma yana cewa mu'ujiza ce. Sannan ta tambaye ni: "To mushe, in mu'ujiza ce, don mi za mu wahala da wannan zanen?"

Yarinyar ta fi mai bidiyon hankali. In mu'ujiza ce, babu abin koyo a ciki, sai mu rufe littafi mu tafi gida. Shi ya sa na ce sai na rubuta wannan. Matsayina a fili yake: bai kamata a kira aron mahaifa, ko jaririn kwalba, ko wani ci-gaban likitanci da sunan mu'ujiza ba. Wanda ya saba ma yara da wannan kalma a nan ya cuce su, ko da niyyarsa ta gari ce.

Mu fara da kalmar kanta. Tun muna makarantar allo aka koya muna cewa mu'ujiza abu ne da ya saɓa ma al'ada, wanda Allah ke bayyanawa a hannun annabi, kowa ya gaza kawo irinsa. Haihuwar Annabi Isa ba tare da uba ba mu'ujiza ce. Babu wanda ya koye ta a jami'a, babu wanda ya maimaita ta a wani gari, kuma ba a rubuta ma kowa takardar biyan kuɗi ba. Shi kuwa aron mahaifa, ana ɗaukar ƙwan mace da maniyyin namiji, a haɗa su a ɗakin gwaji, bayan kwana uku zuwa biyar a dasa ɗan tayin a mahaifar wata mata da aka shirya da magunguna. Ana koyar da shi mataki-mataki, ana yin sa a Amurka, ana yin sa a Legas. Abin da ɗalibi zai koya ya ci jarabawa a kai, sana'a ce.

Na san abin da wasu za su ce: ai komi ikon Allah ne. Haka ne, ban musa ba. Geron da ke tsirowa a gonar Tibiri ikon Allah ne, amma babu manomin da ke kiransa mu'ujiza ya ƙi yin shuka da noma. Yana cewa alhamdu lillahi, kuma ya san irin da ya zuba da ranar da ya zuba. Hausawa sun gama maganar tun da daɗewa: Allah ya ce tashi in taimake ka. Godiya ga Allah wajibi ce. Ɓoye sababi kuwa wani abu ne dabam, kuma shi nake faɗa da shi.

Ku dubi abin da kalmar ke rufewa. Ranar 25 ga Yuli 1978 aka haifi Louise Brown a garin Oldham na Ingila, jaririyar farko da aka haɗa a ɗakin gwaji. Jaridu sun yi ta kururuwar abin al'ajabi. Amma kafin ta, Robert Edwards da Patrick Steptoe da Jean Purdy sun yi kusan shekara goma suna gwadawa suna faɗuwa. Mata 282 suka miƙa jikinsu ga wannan gwaji, yara biyu kawai aka haifa da rai a cikinsa. Sauran matan sun koma gida hannu wofi, bayan allurai da fiɗa da sa rai. Edwards ya samu kyautar Nobel a 2010. Ita Purdy, wadda ke kula da ɗan tayin a ɗakin gwaji, ta rasu tun 1985, kuma an daɗe ba a ambaton sunanta. In ka ce mu'ujiza, ka share matan nan duka da kalma guda.

Har yau ma abin bai zama tabbas ba. A Ingila, inda kayan aiki suka wadata, macen da ba ta kai shekara 35 ba, kusan dashe ɗaya cikin uku ne ke kaiwa ga haihuwa. In ta haura 43 da ƙwanta, bai kai biyar cikin ɗari ba. Mu'ujiza ba ta faɗuwa sau biyu cikin uku. To matar da ta sayar da filin gadonta aka yi mata bai kama ba, mi za mu ce mata? An hana ta mu'ujiza don imaninta bai kai ba? Wannan zalunci ne a kan zalunci. Gaskiyar da ta fi tausayi ita ce a ce mata: magani ne, yana kamawa yana ƙi, kuma ba laifinki ba ne.

Sai mu zo ga matar da ba a nunawa a bidiyo. Muna cewa aron mahaifa, amma a mafi yawan wurare haya ce, don aro ba a biyansa. Wata tara wata mata ke ɗauke da cikin, ita ke amai, ita ke kumburin ƙafa, ita hawan jini kan kama, ita ake tsagawa in haihuwa ta zo da gardama. Kuma ba a cika samun matar attajiri tana ɗaukar ma matar talaka ciki ba. Hanya ɗaya abin ke bi. Garin Anand na ƙasar Indiya ya yi suna da gidajen da ake tara matalautan mata suna rainon cikin baƙi, har gwamnatin ƙasar ta hana ma baƙi a 2015, sannan dokar 2021 ta hana yin sa don kuɗi. A ƙarshen 2013 a Tailan, wata mata ta haifa ma wasu ƴan Ostareliya tagwaye. Aka tafi da macen, namijin da aka haifa da lalura ya zauna wurinta, kowane ɓangare da nasa labarin. A 2015 ƙasar ta rufe wannan kasuwa ga baƙi. A 2020, lokacin da korona ta sa aka rufe iyakoki, jarirai gommai suka yi ta jira a wani otal na birnin Kiyef na Yukren, waɗanda suka biya ba su iya zuwa ɗauka ba, waɗanda suka haifa kuma kwangila ta ƙare.

Abin da ke da irin wannan nauyi dole a yi masa tambayoyi, kuma an yi. Faransa ta haramta shi a dokarta tun 1994. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na birnin Amman a 1986, ta halatta haɗa ƙwai da maniyyi a waje muddin na mata da mijinta ne kuma a mahaifarta za a dasa, ta kuma hana shigo da mahaifar wata. Ko ka yarda da waɗannan hukunce-hukunce ko kana da ja, ka lura da abu guda: ba a zama a yi ma mu'ujiza fatawa, ba a kafa mata doka. Aikin ɗan Adam ake aunawa a ce wannan ya halatta, wancan bai halatta ba. Mai kiran abin mu'ujiza ya ɗauke shi daga kan sikeli tun kafin a auna.

Kada wani ya ce wannan zancen Turawa ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗa a 2023 cewa kusan mutum ɗaya cikin shida na fuskantar rashin haihuwa a wani lokaci na rayuwarsa. A ƙasa irin tamu, inda ake auna darajar mace da yawan ɗiyanta, kun san abin da wadda ba ta haihu ba ke sha: gorin dangin miji, habaicin kishiya, kallon tausayi a gidan suna. Inda ƙishirwa ta kai haka, masu sayar da gurɓataccen ruwa ba su rasa ciniki. Ba mu manta da shari'ar jarirai da ta girgiza Yamai a 2014 ba, wadda aka ce an shigo da su daga kudancin Najeriya ta hanyar Benin, har kotu ta yanke ɗauri a 2017. Ban shiga siyasar da ta dabaibaye ta ba. Abin da ta nuna muna shi ne neman ɗa ya zama kasuwa, kuma kasuwar ta iso gidanmu. A ƙarshen 2024 kuma, binciken BBC a jihar Anambra ya bankaɗo masu yi ma mata allurai har cikinsu ya kumbura, su ce masu ciki ne na mu'ujiza da na'urar asibiti ba ta iya gani, su hana su zuwa awo wani wuri, daga baya su miƙa masu jaririn da aka raba da uwarsa. Da mi aka rufe bakin matan nan? Da wannan kalmar dai. An ce masu abu ne da ya fi ƙarfin likita, don haka tambaya rashin imani ce.

Ni ma abin ya taɓa gidanmu. Yayata ta yi shekara tara ba haihuwa. Ta sha jiƙo iri-iri, ta ba wani mai magani da ke yawo da lasifika jaka ɗari da hamsin, don ya ce nasa ba ya kuskure. Da ƙyar muka shawo kan mijinta suka je asibiti tare. Aka gano ciwon sanyi ne da ya daɗe a jikinsu su biyu. Aka ba su magani, aka yi mata ɗan aiki, bayan shekara biyu ta haihu. Ranar suna mata na ta guɗa suna cewa mu'ujiza. Ban ce masu komi ba, don ba ranar gardama ba ce, kuma matar da ta jira shekara goma sha ɗaya tana da damar kiran ɗanta da duk sunan da zuciyarta ta ba ta. Amma a cikin masu guɗar akwai mata biyu masu irin matsalarta. Da an ce masu awo ne da magani, da washegari sun ja mazansu zuwa asibiti. Da aka ce masu mu'ujiza, sai suka koma gida jira.

Saboda haka faɗana ba da uwa mai murna ba ne. Da masu talla nake, da masu neman a danna bidiyonsu, da mu kanmu malamai in muka ga kalmar ta fi sauƙi bisa ga bayani. Ku tuna da kurkunu. Kakanninmu sun ɗauka ƙaddara ce da ba ta da makawa. Aka gano ƙwaron da ke cikin ruwan tabki, aka raba ƙyallen tace ruwa, aka gina rijiyoyi, ma'aikatan ƙauye suka bi gida-gida suna ƙirga masu ciwo, har a 2013 aka tabbatar Nijar ta rabu da shi. Yaran da aka gaya ma yadda aka yi, su ne za su iya yin irinsa ga wata cutar gobe.

Roƙona ga uwaye: in yaro ya kawo maku irin wannan bidiyo, ku yi hamdala tare da shi, sannan ku tambaye shi wa ya yi aikin, nawa aka biya, wa ta ɗauki cikin, ina take yanzu. Ga malamai kuwa, muna da kalmomi isassu: ci-gaba, bincike, magani, abin mamaki. Mu bar ma annabawa tasu.

Ita ɗiyar da ta yi tambayar, na ce ta taso ta karɓi alli ta nuna muna inda ƙwai ke bi kafin ya isa mahaifa, da inda yake tsayawa in hanyar ta toshe. Ta kuskure da farko, ƴan aji suka gyara mata, ta sake. Da aka tashi ta tsaya bakin ƙofa ta tambaye ni shekara nawa ake yi kafin a zama likitar mata. Na faɗa mata gaskiya: shekarun da yawa, kuma lissafinta na bukatar gyara tun daga wannan zangon.