Man Da Ake Zuba Wa Mota A Ƙasar Badafi

Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Zariya ya tsaya a Kwanar Dangora, ko ya ratse ya nufi Tudun Wada da Doguwa, zai ga jarkoki da kwalabe jere a bakin titi, cike da man fetur na sayarwa. Mutanen Badafi da sauran garuruwan Kiru da Bebeji sun saba da 'yan bumburutu har sun zama musu kamar gidan mai na biyu. Malamin makaranta mai babur, da ma'aikacin ƙaramar hukuma mai tsohuwar mota, da manomin da ke ban-ruwa da inji a ƙasan madatsar Tiga, duk a nan suke tsayawa. Kaɗan ne cikinsu suke tambayar inda man ya fito.

A Amurka, inda yawancin motocin da ake kira tokumbo suke fitowa, mai mota yakan tarar da fetur iri uku a famfo ɗaya, mai lamba 87 da 89 da 91 ko sama da haka. Wannan lamba ita ce oktan, watau ma'aunin yadda mai yake jure matsi a cikin inji ba tare da ya kama wuta kafin lokacinsa ba. Idan ya kama da wuri sai a ji injin yana ƙwanƙwasawa, musamman a kan hawa ko da kaya, kuma in abin ya daɗe yakan lalata fistin. Ma'aunin Amurka ya sha bamban da wanda ake aiki da shi a Turai da Afirka, domin 87 nasu ya yi daidai da wajen 91 a nan. Mai mota ya duba littafinta ko murfin tankinta. Man da oktan ɗinsa ya wuce abin da maƙerin motar ya ce ba ya ƙara mata ƙarfi, sai dai ya ƙara wa mai ita kashe kuɗi.

A Nijeriya kuwa fetur iri ɗaya ake sayarwa a yawancin gidajen mai. Saboda haka zaɓin da ya rage wa direba shi ne wurin da zai saya, kuma a nan ne haɗarin yake. Man da ya kwana a jarka cikin rana yakan rasa sashensa mai saurin tashi, mota ta riƙa wahalar tashi da safe. Ƙura da tsatsa suna toshe matatar mai da kabureta. Ruwa kuma ya fi mai nauyi, yana kwanciya a gindin tanki, daidai inda famfo yake zuƙa. In an gauraya shi da kananzir ko man gas, oktan ya faɗi, fulogi ya yi baƙi, abin da bai ƙone ba ya gangara ya tsinka baƙin mai. Abin mamaki, man jarkar nan ba araha gare shi ba. Sau da yawa ya fi na famfo tsada.

Ba za a ɗora wa 'yan bumburutu laifin duka ba. A farkon shekarar 2022 gurɓataccen fetur ya shigo ƙasar nan ta babbar ƙofa, cikin jiragen ruwa daga Antwaf ta ƙasar Beljiyam, ɗauke da sinadarin metanol fiye da kima. Motoci sun lalace, aka janye man, aka yi makonni ana layi. Shugaban kamfanin NNPC na lokacin, Malam Mele Kyari, ya bayyana cewa gwajin da aka saba yi wa mai bai haɗa da neman metanol ba. Metanol yana jan ruwa, yana kuma cin roba da wasu ƙarafan hanyar mai. Wanda ya sayi wannan mai a gidan mai na halal bai yi ganganci ba, amma shi ya biya bakanike.

An sanar da janye tallafi a ranar 29 ga Mayu, 2023, kuma yanzu talaka yake biyan cikakken kuɗin mai. Wanda ya biya cikakken kuɗi ya cancanci mai tsabta da mudu cikakke. Dokar man fetur ta 2021 ta ɗora wannan nauyi a kan hukumar NMDPRA, kuma bai kamata aikin jami'anta ya tsaya a cikin birnin Kano ba. Su riƙa fitowa ba tare da sanarwa ba, su auna lita, su duba ruwa a tankunan ƙarƙashin ƙasa daga Kwanar Dangora har Doguwa, su kuma bayyana sunayen gidajen man da suka rufe.

Kafin wannan ya samu, direban da zai ratsa dajin Falgore ya cika tankinsa tun daga gidan man da ya sani, wanda motoci suke yawan shiga, ya karɓi rasit, kada ya bari allura ta kai ja a tsakiyar daji inda ba shi da zaɓi sai jarka. In kuma aka yi kuskure aka zuba masa man gas, kada ya murɗa makulli, ya sa a tura motar gefe a juye tankin.